Takabar Batula

Ranar sadakar bakwai ta Abdullatif, mijin Batula, bayan 'yan gaisuwa sun watse an naɗe tabarmi, Batula ta shiga ɗaki ta zaro robar maganinta daga ƙasan kwallar tufafi ta girgiza. Ƙarar da ta ji ba ta yi mata daɗi ba. Abin da ya rage ba zai kai ta ƙarshen wata ba, ga shi yanzu aka fara takaba, wata huɗu da kwana goma, a cikin gidan surukanta na Birchi.

Maganin na cutar nan ne mai karya garkuwar jiki, wadda ba a kiran sunanta a gidan ko da wasa. A wurin awon ciki aka gano Batula na ɗauke da ita, sai wata ƙungiya mai wayar da kan mata ta tura ta asibiti a Dutsin-Ma. Can aka zaunar da ita aka ce mata muddin tana shan ƙwayar nan kullum, za ta haihu lafiya, ta shayar lafiya, abin ba zai taɓa jaririn ba. Ta riƙe maganar hannu bibbiyu. Da ta haifi Mubina aka ɗebi jini a diddigen yarinyar, aka ce ƙalau take. Mijin ne mai kai ta a babur su karɓo, su ce wa mutanen gida kasuwa za su. Shi kansa bai yarda ya fara sha ba sai da jiki ya riga ya ƙare, ya tafi ya bar ta da jaririya a nono.

Washegari da hantsi ta sami surukarta, Hajiya Ma'u, tana tsince shinkafa a ƙofar ɗakinta. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, ina so a yi mani izini in je Dutsin-Ma in dawo."

Hajiya Ma'u ba ta ɗago ba. "Ki yi mi a Dutsin-Ma?"

"Asibiti. Akwai maganin da nike karɓa."

"Ina ke maki ciwo?"

Ba inda ke wa Batula ciwo, kuma matsalar ke nan.

"To kin gani," in ji Hajiya Ma'u, ta fitar da wata tsakuwa ta jefa wa kaji. "Ƙasar kabarin ɗana ba ta bushe ba, ke kuma kina zancen hawa mota. Shawara ta kashe Audu, kowa ya ga idonshi ya yi ɗorawa. Ba za a ga matarshi tsaye a layin ƙofar nan ta bayan asibiti ba, a zo ana nuna mani gida da baki. Tashi ki ba yarinya nono, tana kuka."

Wato dai Inna ta sani. Ta san ƙofar, ta san a bayan asibiti take, ta san masu bin layinta. A watannin jinya ita ce mai wanke wa ɗanta baki, ba abin da ya ɓuya mata. Shawarar da take faɗa ta 'yan gaisuwa ce, ta yi ta maimaita ta har ta zauna mata a baki.

Batula ta jira Alhaji Ɗanjuma, yayan marigayi, wanda gidan ya koma hannunsa. Ɗan kasuwar hatsi ne, mai faɗa a ji a kasuwar Kurfi, mutum ne da ba ya ɗaga murya, domin bai taɓa buƙatar ɗagawa ba. Ta yi masa magana ta bayan labule.

"Yaya, na ji malamai na cewa mai takaba na iya fita in da lalura."

"Haka ne," ya ce cikin natsuwa. "Ni ma na tambayi Liman, ya ce in lalura ce babu laifi. To mi ce ce lalurar? Hwaɗa mani sunanta in je in gaya mashi, don kada mutane su ga kin hita su yi wani zato."

Ya san ba za ta iya ba. Wace mata ce za ta buɗe baki gaban yayan mijinta ta kira sunan wannan cuta, ta ce kuma ɗan'uwansa ne ya kawo mata? Ya jira ɗan lokaci, kamar mai adalci, sannan ya gyara hula.

"Kin ga ke nan babu. Ba ni na aza takaba ba, Batula, addini ne. Ki yi haƙuri, kwana nawa ne?"

Wayar marigayi ma, wadda lambar mutanen ƙungiyar ke ciki, ta shiga cikin kayan gado. Alhaji ya kulle ta a durowa har sai an yi rabo.

Ana haka sai ga Magdalina. Ita ce ma'aikaciyar ƙungiyar da ke zagaya ƙauyukan Kurfi, 'yar kudancin Kaduna ce da ta daɗe a Dutsin-Ma har Hausarta ta koma ta Katsinawa. Ta ga ranar karɓar maganin Batula ta wuce ba ta zo ba, ta bincika ta ji labarin rasuwar. Ta yi dabara irin ta mai hankali: ta roƙi asibiti suka ba ta maganin, ta sa shi a ƙasan leda, ta ɗora sabulu da omo da sukari a kai, ta yafa gyale ta zo gaisuwa.

Abin da ta manta shi ne, a gidan mutuwa kayan gaisuwa ba na matar mamaci ba ne. Duk abin da aka kawo gaban uwar gida yake zuwa, ita ke buɗewa ta raba. Magdalina na miƙa wa Batula ledar, Hajiya Ma'u ta miƙo hannu.

"Kawo nan, ɗiyata. An gode, Allah ya ba da lada."

Ta fitar da sabulu, ta fitar da sukari. Da hannunta ya taɓa robar sai ta tsaya. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san farar robar nan, ta taɓa ganin irinta a ƙarƙashin matashin ɗanta. Ta mayar da ita cikin ledar ta ɗaure, fuskarta ba ta canja ba.

"Hajiya," in ji Magdalina a hankali, "wannan na Batula ne. Yana da muhimmanci, saboda yarinyar."

"Na mi ne?"

Magdalina ta dubi matan maƙwabta biyu da ke zaune a tabarma sun kasa kunne. Aikinta ya hana ta faɗin ciwon wani a gaban mutane, kuma ko bai hana ba, ta san in ta faɗa ta gama da Batula a garin nan.

"Na ƙarin ƙarfi ne," ta ce.

"Muna da kunun kanwa," in ji Hajiya Ma'u. "Ki gaida gida."

Bayan baƙi sun tafi Batula na kallo surukarta ta nufi bayan gida da ledar, ta fito hannu wayam. Da yamma Alhaji ya sa aka aika wa Magdalina cewa gidan na cikin zaman makoki, a dakata da zuwa.

Batula ta fara raba ƙwaya biyu, tana shan rabi, ko da yake an gargaɗe ta kada ta yi haka. Daga baya ta koma tsallake rana. Wata safiya ta juye robar a tafin hannunta, ba abin da ya faɗo sai gari. Ta lashe garin.

Tun daga ranar nono ya zame mata abin tsoro. Duk lokacin da Mubina ta kama, sai ta ji gabanta na faɗuwa, tana kallon ɗan bakin nan yana zuƙa, ba ta san me yake zuƙa ba. Yarinyar kuwa ga ta ɓul-ɓul, mai yawan dariya, takan saki nono ta kalli uwar ta yi mata gwaranci, sannan ta koma. Batula ba ta kiran sunanta saboda kunyar ɗan fari, "yarinyar nan" take cewa, amma duk duniya ba ta da kowa sai ita.

Sai ta yanke shawarar yaye ta. Ta dama kunun gero ta tace shi sosai, ta zauna a ɗaki tana ɗura mata da cokali. Mubina ta ƙi, ta tofar, ta sa kuka har muryarta ta dushe. Wuni guda ana haka, nonon Batula ya cika ya yi tauri, ya jiƙa mata gaban riga. Da la'asar Hajiya Ma'u ta yaye labule ta shigo.

"Mi kike yi wa marainiyar Allah?"

"Inna, yaye ta za ni yi."

"Yaye? Ɗiyar da ko zama ba ta iya ba? Ki yaye ta a ce mi? Ko ciki gare ki, ko kuwa nononki ne ke da cuta, abin da za a ce ke nan. Kuma da wace madarar za ki riƙe ta?"

"Inna, don girman Allah. Kin san abin da nike gudu."

"Ban san komi ba," in ji tsohuwar. "Abin da na sani, jinin Audu ke nan da ya rage mani, ba za ki kashe ta da yunwa ina kallo ba."

Ta ɗauki yarinyar ta ɗora mata a cinya, ta tsaya a kanta. Mubina ta lalubo nonon da kanta ta kama, kukan ya tsaya nan take, sai ajiyar zuciya. Batula ta juyar da kai wajen bango hawaye na zuba. Abin takaicin shi ne tsohuwar ba ƙarya ta yi ba, babu madara, kuma kunu ba zai riƙe jaririya ba.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Batula ta fara ramewa, aka ce kewar miji ce, har ana yaba mata. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, aka jiƙa mata sabara. Farin abu ya fito mata a baki, aka ce zafi ne. Ta sake roƙon Alhaji, yanzu ga lalura a fili. Ya aiko mata da farasitamol daga kemis, ya ce a gaya mata saura ƙiris.

Ana cikin wata na uku, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wa'adin aikin ƙungiyar ya zo ƙarshe, masu ba da tallafi sun turo wata mata daga Abuja, Madam Sylvia, ta zagaya ta ji daga bakin matan da aka taimaka ko aikin ya yi amfani. Magdalina ce ta cusa sunan Batula cikin waɗanda za a ziyarta, don ta san Alhaji ba zai kori baƙin da suka biyo ta hannun mai gari ba.

Bai kore su ba kuwa. Ya sa aka share tsakar gida, aka shimfiɗa darduma, aka kawo lemo. Aka ce Batula ta sa hijabinta mai tsabta. Madam Sylvia mace ce mai fara'a, ba ta jin Hausa sosai, Magdalina ke yi mata tafinta. Ta nemi a bar su su kaɗai da Batula.

"A'a," in ji Hajiya Ma'u tana murmushi. "Mai takaba ba ta keɓewa da baƙi. Al'adarmu ce."

Da aka fassara mata, Madam Sylvia ta gyaɗa kai da girmamawa. An koya mata mutunta al'adun mutane, ta kuwa mutunta. Hajiya Ma'u ta zauna daf da Batula har gwiwarsu na gogar juna, Alhaji kuma ya sa kujera a bakin zaure inda zai ji komai. Saboda mutanen gida na wurin, sai aka sassauta tambayoyin, aka mai da su na lafiyar mata kawai.

"Kin halarci zaman wayar da kai da aka yi wa mata?"

"E."

"Kin fahimci yadda uwa ke kare jaririnta daga cututtuka?"

"Na fahimta," in ji Batula. Ta fahimta fiye da duk wanda ke tsakar gidan.

"Da aka tura ki asibiti, kin je? An karɓe ki da kyau?"

"Na je. Sun karɓe ni da kyau."

"Mutanen gida suna ba ki goyon baya?"

Magdalina ta fassara wannan a hankali, tana kallon cikin idon Batula, kamar mai roƙo. Kalma ɗaya ake nema. Batula ta buɗe baki. Ta ji gwiwar surukarta a jikin tata, ta ji Alhaji ya yi gyaran murya daga zaure. Tun tana yarinya aka koya mata ba a kunyata surukai gaban baƙo, kuma in motar nan ta tashi, a gidan nan za ta kwana. In an kore ta, Mubina ba za ta bi ta ba, 'yar gidan ce.

"Suna yi," ta ce.

"Kamar ɗiyar cikina take," in ji Hajiya Ma'u.

Ba wanda ya tambaye ta ko tana da magani a ɗaki yau. Magdalina ta juya ta yi wa Madam Sylvia magana da Turanci ƙasa-ƙasa, da sauri. Fuskar matar ta canja, ta dubi Batula da kyau, ta ga ƙasusuwan hannunta. Ta ce lallai za ta sa wannan a rahotonta, za a duba yadda za a gyara a zagaye na gaba, in an sami tallafi. Da gaske take, har idonta ya kawo ruwa. Amma akwai sauran ƙauyuka a gabansu, direba kuma na son su bar hanyar kafin yamma ta yi. Kafin su tashi ta nemi izinin ɗaukar hoton Mubina, don ta ce ba ta ga jaririya mai ƙoshin lafiya kamarta ba duk zagayen. Hajiya Ma'u ta gyara wa yarinyar hula da hannunta.

A zaure Magdalina ta tsaya gaban Alhaji. "Alhaji, mota ga ta. Minti nawa ne Dutsin-Ma? Mu kai ta mu dawo da ita kafin la'asar."

"Malama," ya ce da murmushi, "ai kin ji da kunnenki, ta ce ba ta da matsala."

Ƙarshen watan aikin ƙungiyar ya ƙare, aka karɓe babur ɗin Magdalina, aka sallame ta. Ta zo sau ɗaya a motar haya, ba a bar ta ta wuce zaure ba.

Ranar fitar takaba gidan ya cika. Aka yi waina da fanke aka raba sadaka, aka yi wa Batula kitso da lalle, Alhaji ya ɗinka mata atamfa sabuwa wadda ta yi mata yawa. Mata na ta cewa ba su taɓa ganin mai takaba irinta ba, ko ƙofar zaure ba ta leƙa ba. Alhaji ya tsaya a tsakar gida ya ce, yadda kowa zai ji:

"To Batula, kin cika. Yanzu duk inda kike so ki je, babu mai hana ki."

Washegari ta goya Mubina ta hau motar Dutsin-Ma, ta bi ta ƙofar nan ta baya. Nas ɗin da ke wurin ta gane ta, ta fara faɗan ina ta shiga, da ta ji labari sai ta bar faɗan. Aka mayar da Batula kan magani. Aka sake ɗibar jini a diddigen yarinyar, aka ce ta dawo bayan 'yan makonni. A makonnin nan Batula ta yi addu'ar da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Mubina ta fara rarrafe, ta kuma fara wani tari da gudawa da ba sa jin magani.

Ranar da ta koma, tana zaune a benci tana jira, sai ta ga sabuwar takarda babba manne a bango. Hoton Mubina ne da hularta, tana dariya. Wata mata da ke kusa da ita ta karanta mata rubutun da ke ƙasa: uwa ta waye, jariri ya tsira. Matar ta dubi hoton, ta dubi goyon Batula, ba ta ga kama ba, domin yarinyar ta zube.

Nas ta kira ta ciki, ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da ita maimakon ta zauna a bayan tebur. Tun daga nan Batula ta gane. Ta ji bayanin kamar daga nesa: yarinyar ta kamu, amma akwai magani na yara, ana narka shi a ruwa, in ana ba ta kullum za ta girma, za ta yi makaranta. Kullum, har iyakar rayuwarta. Batula ba ta yi kuka ba. Ta ce an gode, ta karɓi robobi biyu, babba da ƙarama.

A gida ta sami Hajiya Ma'u da Alhaji a tsakar gida. Wannan karon ba ta durƙusa ba, ba ta ɓoye komai a ƙasan kwalla ba. Ta ajiye ƙaramar robar a kan tabarma a gabansu.

"Na Mubina ne," ta ce. Ranar ce ta fara kiran sunan a gabansu.

Alhaji ya daɗe yana kallon robar. Ya ce innalillahi, ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, bawa ba ya tsallake ƙaddararsa. Sannan ya tuna ana jiransa a kasuwa. Hajiya Ma'u ta ɗauki robar, hawaye na bin kuncinta. Kukan gaske take yi, don tana son yarinyar, ba wanda zai ce ba ta so. Wannan robar ba ta nufi bayan gida da ita ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwanin man shafawa, ta wanke shi tas, ta goge, ta juye ƙwayoyin a ciki, ta jefa robar a murhu.

"In an tambaya," ta ce tana share ido, "ki ce na haƙori ne."

Sunan Abdullatif ya tsira. Har yau in ka tambaya a Birchi za a ce maka shawara ce ta kashe shi, kuma matarsa ta yi masa takabar da ake ba da misali da ita. Rahoton ƙungiyar ma ya fita da kyau, an ce matan karkara sun waye, an tura su asibiti sun je.

Mubina ta farka a bayan uwarta ta fara ƙananan kuka. Batula ta kwance goyon, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta ɗaga sabuwar atamfar ta ba ta nono. Rabonta da ta shayar da ita gabanta bai faɗi ba tun ranar da maganinta ya ƙare. Yau bai faɗi ba, don ba sauran abin da za ta kare ta daga gare shi.